Na sauke Orca tana ta motsi amma shiru kake ji, a taimaka

Sani Zariya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah wa ya taɓa amfani da Orca a cikinku? Wannan manhajar da ake haɗa kiɗa da haruffa. Na ga bidiyon wani Bature allonsa baƙi ƙirin, haruffa na ta tsalle kamar ƙwari a gindin fitila, kiɗa kuma na tashi. Na sauke ta jiya da daddare. Komai na motsi, lambobi na canzawa, amma ko ƙis ban ji ba. Na ƙure ƙarar lasifika, na sa abin kunne, na kashe kwamfuta na kunna. Shiru.

Sani Zariya: Wani abin dariya ma, na ce bari in rubuta sunana in ga yadda take karɓar rubutu. Ina danna S sai ya silale ƙasa har ƙarshen allo ya ɓace. Na sake dannawa, ya sake gudu. Na ce to ko aljanu ne a ciki.

Zainab K.: Wa alaikumus salam Sani. Ba aljanu ba ne, S ɗin aikinsa ke nan. A Orca kowane harafi daga A zuwa Z ma'aikaci ne mai aiki guda ɗaya tak. S kudu yake tafiya, N arewa, E gabas, W yamma. In ya ci karo da wani abu ko ya kai bango sai ya fashe. In kana son ka rubuta sunanka ya zauna lafiya, sa shi tsakanin alamar # guda biyu, ba za ta taɓa shi ba.

Batun shiru kuma, lasifikarka lafiyarta ƙalau. Orca ba ta da murya ko kaɗan. Ita dai umarni take aikawa: buga kaza, yanzu, da ƙarfi kaza. Sai an samu wata manhaja ko na'ura a ɗaya ɓangaren da za ta karɓi umarnin ta fitar da sauti. Kai yanzu ka ɗauko madugu ne babu ayari.

Sani Zariya: Ikon Allah. To Anti Zainab me ya sa ba su faɗa ba tun farko?

Zainab K.: Sun faɗa, kai ne ba ka karanta ba 😄 Wace kwamfuta kake da ita?

Sani Zariya: Tsohuwar HP ce, Windows 10.

Zainab K.: To hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce Pilot, ƙaramar manhajar sauti da waɗanda suka yi Orca suka yi mata musamman. Ka buɗe su tare, Orca za ta riƙa yi mata magana da alamar ; ta UDP, wata hanya da manhajoji ke aika wa juna saƙo. Ba sai ka saita komai ba. Da ita za ka fara jin ƙara a daren nan.

Ta biyun ita ce MIDI, wato harshen da manhajoji da na'urorin kiɗa ke aika wa juna umarni da shi, kuma ita ce za ta yi maka amfani nan gaba. Matsalar Windows 10 ita ce ba ta zuwa da hanyar da manhaja ɗaya za ta miƙa wa wata MIDI a cikin kwamfuta guda. Sai ka sauke loopMIDI, kyauta ce kuma ƙarama. Ka buɗe ta, ka danna alamar + ta ƙirƙiro maka tashar ƙarya. Sannan ka buɗe Orca. Ka lura da wannan jerin, loopMIDI tukuna, Orca daga baya, in ba haka ba tana iya ƙin ganin tashar. Sunan tashar zai fito a ƙasan allon Orca. Daga nan ka je manhajar da za ta yi sautin, ka ce mata ta saurari wannan tashar. Masu Mac suna da IAC a ciki, kunnawa kawai za su yi.

Malam Habu Studiyo: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina mamaki. A sauke wannan, a sauke wancan, a ƙirƙiro tashar ƙarya, duk don a ji "tim" guda ɗaya? Yaro, zo Kano in zaunar da kai gaban fiyano. Minti goma ka fita da kiɗan da za a ɗora waƙa a kai. Shekarata nawa ina wannan sana'ar, ban taɓa rubuta harafi don ganga ta yi ƙara ba.

Zainab K.: Malam, ai ba gasa ake da ku ba. Ku kuna gina kiɗa ne a gama a miƙa wa mawaƙi. Wannan kuwa ana sauya shi ne yana cikin tafiya, a gaban mutane, suna kallon allonka. Ka goge harafi ɗaya kiɗan ya juya nan take. In ka yi kuskure kowa ya gani.

Malam Habu Studiyo: Wato a tara jama'a a nuna musu kuskure. Allah ya ba da sa'a.

Mubarak Kumasi: Malam Habu ka ba ni dariya wallahi. Amma da gaske haka al'adar masu abin take. Suna da ƙungiya, TOPLAP, tun 2004 aka kafa ta a Hambug ta Jamus, kuma babban sharaɗinsu shi ne mai kiɗa ya haska allonsa a bango kowa ya ga abin da yake rubutawa. Daga baya a 2012 aka fara shirya casun da suke kira algorave a Landan. Mutane na rawa, lissafi na gudu a bango.

Sani Zariya: Na sauke Pilot da loopMIDI duka. Na haɗa MIDI da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta abokina da ke kan kwamfutar. Yanzu me zan rubuta?

Zainab K.: Rubuta wannan daidai yadda yake. Ɗigo-ɗigon fili ne kawai, ba sai ka rubuta su ba:

```
.D4...
..:03C
```

D mai jinkiri ne. Lambar da ke damansa tana gaya masa bayan taku nawa zai yi bugu. Duk taku huɗu zai ajiye tauraro * a ƙarƙashinsa, tauraron nan shi ne bugun. Alamar : kuma ita ce mai aika MIDI, ba ta motsi sai tauraro ya bayyana a gefenta. 0 tasha ce, 3 matakin kauri ko sirantar murya, C kuma sautin da za a buga.

Sani Zariya: Na rubuta, amma alamar : ɗin tana ɓacewa da kanta. Sau uku ina mayar da ita.

Zainab K.: Turo hoton allo.

Zainab K.: Na gani. Ka sa ta a ƙarƙashin D kai tsaye. Wannan gurbin na D ne, nan yake zubar da tauraronsa, duk abin da ka ajiye a wurin zai share shi. Matsar da ita gida ɗaya zuwa dama. Kowa ya yi wannan kuskuren, ni kwana biyu na yi ina zargin kwamfutata.

Sani Zariya: YA YI ƘARA!!! Wallahi ya yi. Tin, tin, tin, tin. Abokin ɗakina ya ɗaga kai ya ce wane ne ke kiran waya.

Malam Habu Studiyo: Barka da arziki. Awa uku, tin guda ɗaya.

Isuhu Maraɗi: Malam ka bar yaro ya ji daɗinshi. Ni tambayata daban ce. Mu nan wuta ba ta zama, kwamfutata kuma batirinta ya gaji. Abin nan yana cin wuta da yawa?

Zainab K.: Isuhu ka taɓo inda ya sa nake son Orca. Mutum biyu ne suka yi ta, suna kiran kansu Hundred Rabbits, kuma a cikin ƙaramin jirgin ruwa mai filafilai suke zaune, sun ratsa tekun Pasifik da shi har Japan. Wutarsu ta sola ce, intanet kuma sai sun kusa gaɓa. Manyan manhajojin da suke aiki da su suka riƙa shanye musu batir, sabuntawa kuma ba ta saukuwa. Dole ta sa suka koma yin ƙananan kayan aikinsu da kansu. Shi ya sa bayan Orca ta farko akwai wadda aka rubuta da harshen C, tana gudu a baƙin allon umarni kawai, har a kan Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta mai girman tafin hannu. Fayil ɗin kiɗanka kuma rubutu ne zalla, za ka iya kwafe shi ka liƙa a nan zauren kamar yadda na yi a sama. In akwai mai cin wutar, manhajar sautin ce, ba Orca ba.

Isuhu Maraɗi: To ashe matsalarmu guda da su, su dai ruwa ya kewaye su mu kuma rairayi.

Mubarak Kumasi: Ni dai zan faɗi gaskiya, da ni ne Sani ba da Orca zan fara ba. Strudel ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ka buɗe shafinta a burauza, ko a waya ma, sautukanta na ciki. Ka rubuta layi ɗaya, ka danna, ka ji kiɗa. Ba tashar ƙarya, ba komai. Jikar TidalCycles ce, wadda Alex McLean ya yi da harshen Haskell, sai a 2022 shi da Felix Roos suka fara mayar da ita JavaScript don ta yi aiki a burauza. Na taɓa ƙoƙarin girka Tidal ɗin kanta: Haskell, SuperCollider, SuperDirt, ga editan rubutu. Datata ta ƙare a tsakiya, na sake sayen wata, ya tsaya da wani kuskure mai layi arba'in. Na rufe kwamfutar na tafi cin waake.

Zainab K.: Ban musa ba, Strudel ta fi saurin ba ka sakamako. Amma tunaninsu ba ɗaya ba ne. A Strudel jimla kake rubutawa mai bayyana zagayen kiɗa gaba ɗaya. A Orca inji kake ƙerawa, kana ganin wannan harafin yana miƙa wa wancan lamba, kamar ka buɗe bayan agogo. Wanda kansa ya saba da wayoyi da gyaran rediyo zai fi gane Orca. Kuma sautukan Strudel daga intanet suke sauka karon farko, Isuhu ya san da wannan.

Mubarak Kumasi: Wanda kansa ya saba da wahala dai.

Sani Zariya: Ku bari in gama da wannan tukuna. Anti, ya zan yi ya daina tin tin ɗin nan ya yi wani abu mai kama da waƙa?

Zainab K.: Sai ka ƙara ma'aikata biyu, C da T.

```
.4C5......
D405TCDEGA
.:03C.....
```

C agogo ne. 4 na hagunsa saurinsa, 5 na damansa iyakar ƙirgensa, wato zai riƙa ƙirga 0, 1, 2, 3, 4 ya koma farko, yana ajiye lambar a ƙarƙashinsa. T kuma kamar mai tire ne: an jera masa kaya biyar a dama, lambar da agogo ya ba shi ita ke gaya masa wanne zai ɗauko ya ajiye a ƙasa. Inda yake ajiyewar kuwa daidai gurbin sautin alamar : ne. Na zaɓi C D E G A da gangan, sautuka biyar ɗin nan kunnenka zai ji su kamar na gida.

Ka lura E ɗin cikin jerin bai gudu gabas ba. T ya riƙe shi, ya zama kaya ba ma'aikaci ba. Amma ka rage 5 ɗin kusa da T ya koma 2 ka ga yadda zai ɓalle.

Abu na ƙarshe da ke rikita sababbi: gida ɗaya harafi ɗaya yake ɗauka, don haka ba za ka iya rubuta 12 ba. Bayan 9 sai a ci gaba da haruffa, a shi ne 10, b 11, c 12, g 16, har z 35.

Nura Ɗan Makaɗa: Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba amma yau dole in sa baki. Mahaifina makaɗin kalangu ne, kakana ma haka, mahauta suke yi wa kiɗa. Na bi duk bayanin nan kuma na gwada a kwamfutar ofis. Abin da na gani shi ne kowane bugu yana faɗowa a kan layi cif, kamar sojoji a fareti. Kalangu ba haka yake ba. Baba yana matse tsarkiya a hammata bayan ya riga ya buga, sautin ya tashi sama yana cikin ƙara, ya sake ta ya sauko. Da haka yake faɗin take, mutum ya ji sunansa da na ubansa a cikin ganga ya miƙe tsaye. Ku gaya mini harafin da zai yi wannan.

Malam Habu Studiyo: Yawwa Nura, Allah ya yi maka albarka. Ga wanda ya san abin da ake magana. Mu ma da fiyano ba mu iya shi ba, kwaikwayo kawai muke. Ka saurari kalangun da ke bayan Shata ka ji yadda yake amsa masa magana. Wannan a hannu yake da hammata, ba a allo ba.

Zainab K.: Nura, gaskiyarka, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa akwai harafin da zai zama Baba ba. Amma akwai abin da ya kusa da matse tsarkiyar. Alamar ? tana aika umarnin lanƙwasa sauti, irin ɗan wilin nan na gefen fiyanon Malam Habu. In ka haɗa ta da Z, wanda aikinsa shi ne ya taka a hankali daga wata lamba zuwa wata maimakon ya yi tsalle, za ka samu sautin da ke hawa bayan an buga shi. Matsala biyu: matakai 36 kawai gare ka, don haka kunne mai kyau zai ji tsani-tsani a hawan. Sannan yawancin manhajojin sauti lanƙwasarsu ba ta da nisa in ba ka buɗe ta da kanka ba, kalangu kuwa yana tafiya da nisa.

Nura Ɗan Makaɗa: Hawan ma ba shi ne babbar matsalar ba. Yaushe zai hau? Baba yana kallon mutumin da yake yi wa ne. In ya ga ya fara taku sai ya ja kiɗan baya kaɗan, ya sa shi jira, sannan ya sake masa. Mai kuntuku yana riƙe da ƙasa ba ya motsi, shi kuma yana yawo a kai.

Zainab K.: To ai ka ba da amsar da kanka. Ba wa Orca aikin mai kuntuku. Ta riƙe ƙasa, ita ba ta gajiya ba ta kuskure. Yawon kuma na mutum ne.

Nura Ɗan Makaɗa: Mai kuntukun Baba zai ji haushin wannan maganar ƙwarai 😂 Shi ma fa yana numfashi da kiɗan, ba agogo ba ne. Amma na fahimce ki.

Mubarak Kumasi: Tunda an zo nan, Sani gwada U. Rubuta 3U8 a madadin D4. Yana raba bugu uku a cikin taku takwas daidai gwargwado, sai ka ji wani ɗan ɗingishi mai daɗi da ke cikin rabin waƙoƙin da ake yi yanzu. Wani masanin kimiyyar kwamfuta, Godfried Toussaint, ya rubuta takarda a 2005 yana nuna cewa dabarar raba lambobi ta Yuklid, masanin lissafin zamanin da, tana fitar da kiɗe-kiɗen gargajiya da yawa na duniya. Sannan ka gwada 7Uc, bakwai cikin sha biyu. Ranar da na fara jin sa na yi tsalle, don wannan bugun ƙararrawar ne da ƙabilar Ewe ke yi a nan Gana, na sha jin sa a wajen jana'izarsu. Sai dai daga inda ya fara ba nan suke farawa ba, dole ka juya shi.

Malam Habu Studiyo: Wato Bature ya gano da lissafi abin da tsohuwa ke yi da taɓarya a bakin turmi.

Mubarak Kumasi: Shi ma bai ce shi ya ƙirƙira ba Malam. Cewa ya yi ga dalilin da ya sa suke kama da juna.

Isuhu Maraɗi: Lugude ke nan. Mata uku turmi guda, kowace da lokacinta. A sa D uku da lambobi daban-daban a gani in ba a samu lugude ba.

Zainab K.: Isuhu wannan shawarar ta fi duk bayanin da na yi yau. Sani, yi hakan: D3, D4 da D6, kowanne da nasa sautin. Duk taku sha biyu za su haɗu a wuri guda su sake rabuwa. Kuma yawancin kiɗanmu a kan sha biyun nan ya fi zama, ba sha shida da manhajoji ke buɗewa da shi ba. In kana son sautin ganguna ta MIDI na gama-gari, tasha ta 10 ce tasu, amma Orca daga sifili take ƙirga, don haka 9 za ka rubuta. Wannan ma ya ci mini wani daren.

Sani Zariya: Na yi na Malam Isuhu. Kai! Wannan ai kamar gidanmu da safe ana daka. Amma ya yi sauri da yawa.

Zainab K.: Tana buɗewa a 120 ne. Danna Ctrl da K, ka rubuta bpm:95 ka ji. Sandar tazara (spacebar) kuma tana tsayar da komai, ka san da ita kafin abokin ɗakinka ya kore ka.

Malam Habu Studiyo: Zainab, tambaya ɗaya, ba don na yarda ba. Fiyanona Yamaha ce, tana da ramin MIDI a baya. Abin nan zai iya buga ta?

Zainab K.: Sosai ma Malam. Ku ba ma sai kun nemi loopMIDI ba. Wayar MIDI mai kan USB kawai za ku saya, ku soka, sunan zai fito a ƙasan allo. Orca ta riƙa buga muku ganguna da sautukan fiyanonku da kuka saba da su, hannayenku biyu kuma suna sake a kan madannai.

Malam Habu Studiyo: Hmm. Ina da irin wayar a cikin wata jaka, tun da na saya ban taɓa amfani da ita ba. Ba alkawari na yi ba.

Mubarak Kumasi: An kama Malam 😂

Malam Habu Studiyo: Kai dai ka ci waakenka.

Nura Ɗan Makaɗa: Ranar Juma'a zan je gida. Ina tunanin in ɗauki sautin kalangun Baba da waya, in ya yarda, in ga abin da zai fito in aka jera shi a wannan abin. Ya zan ɗauka?

Zainab K.: Ɗaki mai shiru, a kashe fanka, wayar kamar taku biyu daga gangar don kada sautin ya fashe. Ka roƙe shi ya yi bugu ɗaya-ɗaya yana barin tazara: tsarkiya a sake, a matse rabi, a matse duka. Sannan wanda yake matsewa bayan bugu, da wanda yake sakewa bayan bugu, waɗannan biyun su ne ba za mu iya ƙerawa ba. Kowanne sau uku ko huɗu, don ba ya fita iri ɗaya. Daga ƙarshe ka bar shi ya yi take guda cikakke yadda ya ga dama, kada ka yanka wannan, mu ji shi a haka.

Nura Ɗan Makaɗa: Zai ce bugu ɗaya ba kiɗa ba ne, na san shi. Sai na haɗa da goro.

Sani Zariya: Jama'a an ɗauke wuta, batir saura kashi tara. Anti Zainab ya ake ajiye fayil ɗin?

Zainab K.: Ctrl da S. Yi sauri. In ta mutu kafin nan, hoton allon da ka turo yana nan sama.